An Ɗauki Baba

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya jikin Baba? Yana zuwa asibiti a gasa masa hannun da ya shanye kuwa, ko har yanzu sai an yi daru da shi? Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta ɗan taɓa ni, ita ma da ta ga ba hutu za ta samu a jikina ba ta kama gabanta.

Har yau babu sabis a nan. Wai sai an gama madatsar ruwan za a kafa ƙarfen sabis ɗin, wato lokacin da mu masu walda mun tattara komatsanmu mun tafi. Akwai wani dutse da ake cewa in ka hau ka ɗaga waya sama kana ɗan samu. Na hau, abin da na samo kawai yagaggen wando. Saboda haka mu ci gaba da wasiƙa ta hannun direban motar kayan abinci. Mutumin kirki ne, sai dai mantuwa.

Kin tambaye ni abin da muke yi in an tashi daga aiki. Akwai talabijin a ɗakin cin abinci, amma Kuku, mai dafa mana abinci, shi ke riƙe da rimot kamar gadon gidansu, kuma ba ya sa komai sai bidiyon waƙa. Na kalla har na haddace. Yaya, ke da kike cikin gari ki bincika mini: me ya sa kowane mawaƙi sai ya jingina da mota? Ba ya shiga, ba ya tuƙawa, jingina kawai, yana nuna mana agogo. Wani kuma ruwan sama na dukansa yana kukan masoyiya, ga rumfa nan a bayansa. In aka ambaci soyayya kuwa sai iska ta taso ta kaɗa mayafi, ko da a cikin ɗaki ne an rufe taga.

Ranar hutu ƙwallo muke bugawa. An haɗa gasa tsakanin masu walda, masu siminti, direbobin katafila da 'yan ofis. Ni aka sa a raga, ba don na iya ba, don na fi kowa tsawon hannu. Mun ci 'yan ofis, amma wannan ba abin alfahari ba ne, domin ɗan gabansu in ya taka ka sai ya tsaya ya ba ka haƙuri. Kofin gasar mu muka ƙera shi da guntun bututu, kin ga in wasu suka ɗauka kunyar biyu ce.

Duk sanda Kuku ya kunna waƙoƙinsa sai in tuna Baba da finafinansa na baƙi da fari, masu mutanen nan da malafa da doguwar kwat. Kin tuna yadda kafin shayinsa ya huce ya riga ya faɗi wanda ya yi kisan, Inna tana jifansa da filo? Ki sa masa ɗaya, ko ya ce ba ya so.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Auta,

Na samu wasiƙarka, mun gode Allah da murar ta tafi. Muna lafiya duka. Ƙaramar ta fara haƙori, ta ciji babanta a yatsa yana ta nuna wa mutane kamar lambar yabo.

Maganar Baba, ba zan ɓoye maka ba, watannin nan sun ba ni tsoro. Likita ya ce jikin na samun sauƙi, ƙafar ta dawo ko da yake har yanzu ba ya rabuwa da sanda, hannun hagun ne kawai ya rage. Amma mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa bas yana cika ta da surutu, sai ga shi zaune a falo yana kallon bango. Na sa masa fim ɗin kamar yadda ka ce. Bai faɗi wanda ya yi kisan ba. Da na tambaye shi, sai ya ce ai duk wanda ya yi ya riga ya yi.

To ga labari mai daɗi. Ka san ɗan mai askin bakin layi, wanda kuke kira Maƙogwaro? Ya zama mawaƙi, har da gemu. Shi da abokansa za su ɗauki bidiyon waƙa a layinmu, labarin wani tsohon uban 'yan fashi da 'yan sanda suka kama. Suka kawo mini ɗinkin kaya. Ina falo a kan keke ina gwada wa ɗayansu kwat, yaron yana ta zare ido yana daka tsawa wai yana gwajin zama ubangida. Kawai sai muka ji murya daga kujera:

"Babban ɓarawo ba ya ihu. Mai ihu yaron gida ne."

Auta, allura ta kusa shiga yatsana. Baba ya sa yaron ya sauke malafar zuwa gira, ya hana shi yawo da hannu, ya ce in 'yan sanda suka zo, ubangida ba ya gudu, yakan ƙarasa shan shayinsa tukuna. Maƙogwaro ya tsuguna a gabansa ya roƙe shi ya fito a matsayin ɗan sandan ciki. Baba ya ce a'a, ɗan sanda kowa na mantawa da shi kafin a fita daga silima, in dai za a sa shi to shi ne ɓarawon.

Yanzu kullum da hantsi yana shagon aski ana gwaji. Ya koma zuwa gashin hannu da ƙafarsa, domin akwai wurin da zai miƙa hannuwa biyu a sa masa ankwa, ya ce ba zai yarda wani ya ɗaga masa na hagun a gaban kyamara ba. Ankwar ta wasan yara ce aka fesa mata fenti. Kayan 'yan sandan ni na ɗinka, sun fi na gaske kyau.

Game da tambayarka, na yi wa Maƙogwaro ita. Ya ce suna jingina da mota ne domin mai ita yana tsaye a bayan kyamara da makullinsa a aljihu.

Allah ya ba ku kofin bututunku.

Yayarka

Auta,

A tsaye nake rubuta wannan, direbanku na ta danna oda a waje. Muna lafiya. Jiya dai an ɗauki Baba. A ƙofar shagon aski aka yi, da mota da jiniya, aka sa masa ankwa, duk mutanen layi sun fito kallo, har da na saman bene. Bai yi gardama ba ko kaɗan, da kansa ya miƙa hannu. Ni kam sai da na yi hawaye. Sun ce sai sun gama aikinsu za mu gan shi, wataƙila mako biyu. Sauran bayani sai na zauna.

Yayarka

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaishe ki, amma ban san ta inda zan fara ba. Makonni ban ji daga gare ki ba, ina ta cewa ko ɗinki ne ya yi miki yawa, sai yau direba ya miƙo mini 'yar takarda mai layi shida, wai an ɗauki Baba da ankwa. Kuma kika fara da "muna lafiya". Wace lafiya?

Me ya yi? Mutumin da ba ya fita ƙofar gida, me ya kai shi shagon aski? Su wa suka ɗauke shi, ina suka kai shi, kuma wa ke ba shi maganinsa? Wane irin aiki ne za su yi har mako biyu ba za a bar iyalinsa su gan shi ba? Ina mijinki yake aka yi wannan?

Na zauna na yi ta juya abin yadda Baba ya koya mana, wai ka fara tambayar wa zai amfana. Na zargi mai askin, domin tun ina yaro ban yarda da mutumin da ke dariya da reza a hannu ba. Na zargi maƙwabcin da suka yi cacar baki a kan magudanar ruwa. Har tsohon kwandastansa na zarga, sai na tuna Allah ya yi masa rasuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da kika ce da kansa ya miƙa hannu. A duk finafinan da muka kalla, wanda ya miƙa hannu da kansa ya san abin da ya aikata. Yaya, akwai abin da kuka sani ni ban sani ba?

Da wannan tunanin na shiga raga yau. Masu siminti suka zura mini huɗu, ɗaya ma ta tsakanin ƙafafuna ta wuce ina kallon duwatsu. Allah ya taimaka 'yan gabanmu suka rama har da ƙari.

Na je wurin oga neman izini. Ya ce ana tsakiyar haɗa manyan bututu, duk mai waldar da ya tafi yanzu kada ya dawo. Na ce na ji. Kin san yadda na sha wuya kafin in samu aikin nan, amma uba ɗaya gare ni. Na haɗa jakata. Motar za ta juyo nan da kwana kaɗan. In ba ta zo da bayani daga gare ki ba, ni zan hau ta.

Auta

Zuwa ga Auta, babban ɗan sandan ciki,

Kwance jakarka. Baba yana nan lafiya, yanzu haka yana falo yana shan shayi yana yi wa jikokinsa fuskar 'yan fashi. A kyamara aka ɗauke shi, Auta. A bidiyo.

Da na karanta wasiƙarka na rasa gane kanta, domin na san na rubuta maka komai tun farko. Na saka mayafi na tafi har wurin da ake yi wa motarku lodi. Direban ya rantse ya ba ka duk abin da na ba shi. Na ce ya buɗe aljihun mota. Ga doguwar wasiƙata nan a ƙarƙashin tsumma da bawon lemo, ta je wurinku ta dawo ba ta sauka ba. Na haɗa maka ita da wannan, ita za ka fara karantawa. Ni ma da nawa laifin, na sake duba abin da na rubuta a tsaye, na ga ko ni aka aiko wa haka sai na suma. "Sai sun gama aikinsu za mu gan shi", ina nufin sai sun gama tace bidiyon.

Na karanta wa mutanen gida wasiƙarka. Mijina ya yi dariya har ya sauko daga kujera. Labari ya kai shagon aski kafin in rufe baki, yanzu mai askin ya ce in gaya maka in ka dawo akwai aski kyauta, zai yi maka yana dariya. Baba ya yi dariyar da rabon da in ji irinta tun Inna na da rai, musamman wurin kwandasta. Amma da na zo inda ka ce ka haɗa jaka, sai ya daina dariya. Ya sa na maimaita masa wurin. Ya daɗe yana murza hannun hagunsa da na dama, sannan ya ce:

"Yaron nan aikinsa zai bari saboda ni? Ya ɗauka na yi laifi, kuma duk da haka zai taho?"

Na ce haka ya rubuta. Sai ya ce in gaya maka bincikenka ba shi da kyau ko kaɗan, domin ka zargi kowa ka bar direba, alhali shi ne takardar ta bi ta hannunsa.

Hawayen da na ce na yi kuwa, ga dalili. Ranar ɗaukar, da yaran suka zo da ankwa, Baba ya ƙarasa shayinsa, ya ajiye kofi, ya miƙe, ya ɗaga hannuwan nan biyu daidai da juna. Na hagun yana rawa, amma ya tashi. Maƙogwaro ya manta da waƙarsa ya tsaya yana kallo, sai da aka sake ɗauka.

Bidiyon ya fito. Na sa maka a katin memori, na ɗinke shi a cikin ƙyalle, na maƙala a jikin rigar direban da fil don kada ya ce ya manta. Ka koma wurin oga ka ba shi haƙuri.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Lafiyata lau, sai kunya da ta hana ni sakat. Oga ya karɓi haƙurina, amma sai da ya sa na ba shi labarin daga farko, yanzu duk sansanin nan ba a kirana Gola, sai Ɗan Ɓarawo.

Na kai wa Kuku katin. Da farko ya ƙi, wai ba ya sa waƙar da bai sani ba. Da na ce babana ne a ciki sai ya goge hannu ya karɓa. Yaya, ɗakin nan mutane na ta ƙarar cokali, amma da Baba ya bayyana a kujerar aski, malafa a kan gira, hayaƙin shayi na tashi, sai aka yi shiru. Bai yi komai ba fa, ido kawai ya ɗaga ya dubi kyamara. Wani direban katafila da ke kusa da ni ya matsa gefe. Waƙar kanta, tsakanina da ke, ba ta kai ta kawo ba, Maƙogwaro yana ta tsalle a gaban mota kamar wanda cinnaka ya shiga wa wando. Amma ba wanda ya kalle shi.

Da aka zo wurin ankwa kowa ya yi tafi, ni kuwa na fita waje na ce hayaƙin girki ne ya shiga mini ido.

Yanzu kullum sai an sa. Na lura da wani abu: waɗancan mawaƙan masu agogo duk motsi suke yi don a kalle su, Baba kuwa zama ya yi aka kalle shi. Na gwada hakan a raga, na daina tsalle-tsalle, na tsaya ƙyam ina kallon mai bugu. Mun fitar da direbobin katafila. Wasan ƙarshe ranar hutu mai zuwa ne, mu da masu siminti kuma. Ki ce wa Baba ya sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Muna lafiya. Wannan karon ba direba na ba wasiƙar ba, ka ɗaga kai ka dubi wanda ya miƙa maka ita. Na hana, mijina ya hana, amma Baba ya ce da mu ubangida ba ya neman izinin yaran gida. Likita ya ce ya je, tafiyar za ta yi masa amfani. Maganinsa na cikin aljihun kwat, fari da safe, ja bayan ya ci abinci. Kada ka bar shi ya sha gishiri, kada Kuku ya rufe ka da daɗin baki. Ka dawo mini da shi a motar nan in za ta juyo.

Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina lafiya, Baba ma yana lafiya, ya sha farin ya sha jan, ina tsaye a kansa.

Ina bakin aiki da gilashin walda a fuska na ji ihu daga wajen ƙofar sansani. Na ɗauka gobara ce. Na fito na tarar da motar kayan abinci an kewaye ta, ga Baba yana saukowa da malafa da kwat, mutane na rige-rigen riƙe masa hannu. Direban kuwa ya fito a jigace, ya ce tun da suka taso Baba ke koya masa sa giyar mota. Baba ya tako da sandarsa har gabana, ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini takardarki, ya ce, "An sake ni." Na rungume shi da safar walda da komai.

Kuku ya ba shi kujerarsa, ya kuma ba shi rimot, abin da ko oga bai taɓa samu ba. Ashe Baba ya zo da finafinansa. Da yamma aka sa ɗaya, ma'aikata sun cika ɗaki, wasu a kan tebur. Ba a yi nisa ba ya nuna wani mai goge gilashin ido ya ce wannan ne. Aka yi ta musu, masu siminti suka kafe a kan matar mamacin. Da ƙarshe ya zo aka ga mai gilashin ne, sai da suka ɗaga kujerarsa sama ina roƙonsu su sauke mini uba.

Ranar wasa aka ajiye masa benci a bayan ragata. Bai zauna ba. Tun da aka busa yake ba ni umarni, yana gaya wa alƙalin wasa abin da ke damun idonsa. Aka tashi ɗaya da ɗaya, aka tafi bugun fenareti. Muka yi ta yi har ya rage bugu ɗaya, in na tare a ci gaba, in ta shiga sun ɗauka. Mai bugun wani gajere ne mai faɗin ƙirji. Baba ya matso jikin raga ya rage murya:

"Hagu yake kallo, ƙarya yake yi. Faɗi dama."

Na faɗi dama da dukan ƙarfina. Ƙwallo ta shige hagu a hankali, kamar mai zuwa gaisuwa.

Ina kwance a ƙasa ina cin ƙura, na ji Baba yana dariya har da tari. Ya ce shekara da shekaru yana kama maƙaryata, yau ya gamu da mai gaskiya. Masu siminti suka ɗauki kofin da muka ƙera, amma suka ce ba wanda zai miƙa musu shi sai Baba. Ya bar bayan raga ya taka har tsakiyar fili, ya ɗauki kofin nan da hannu biyu, kin san bututu da nauyi, ya miƙa wa gajeren, ya ce masa ya ci gaba da faɗin gaskiya.

Yanzu maganar dawowa. Kada ki yi fushi, motar ta juyo ba shi. Ya ce akwai sauran finafinan da yaran nan ba su gani ba, oga kuma ya ce ya zauna har mota ta gaba, ya ba mu ɗaki mai gado biyu. Ki aiko masa da wando biyu da ƙarin farin maganin. Gishiri kuwa na ɓoye.

Ranar wasan nan, sai da aka watse na koma in kwance raga, na ga sandarsa jingine da turke, tun lokacin fenareti take nan. Shi kuwa yana can gaba cikin mutane, ya nufi ɗakin cin abinci yana ba su labari da hannu. Na ɗauko ta na sa a ƙarƙashin gadona. Yau kwana biyu bai tambaya ba, ni ma ban ce masa komai ba. In kin rubuto, ke ma kada ki ambata.

Ƙaninki,
Auta